Tsuntsayen Takarda na Ƙaramin Ɗaki

Da likita ya ce matar Auta ta kwanta, kada ta ɗaga ko da bokiti har sai ta sauka lafiya, Auta bai yi wata-wata ba ya tafi ya ɗauko mahaifiyarsa. Shi mai gyaran wutar lantarki ne, fitar safe dawowar yamma, kuma gidan da suke haya a saman bene yake, ba mai leƙo ka sai ka kira shi. Inna ta zo da jaka ɗaya, da tabaraunta, da almakashinta na ɗinki wanda ba ta rabuwa da shi, ko da yake ido ya daɗe da raba ta da keken ɗinki.

Tsakanin Inna da matar ɗanta ba faɗa, ba kuma wani daɗi. Mutanen unguwa Malama suke ce wa matar, don ƙananan yara take koyarwa a makaranta. Mace ce marar yawan magana, Inna kuwa ta ɗauki shirun nan girman kai ne. Ita ma Malama gani take kullum Inna na auna ta da ido. Auren ya daɗe, ciki biyu sun zube tun ba su yi ƙwari ba. Wannan na ukun ne ya kai har ana ganinsa ta cikin riga.

Kwanakin farko gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Inna ta yi shara, ta dafa abinci, ta kai ɗaki ta ajiye, ta koma falo ta zauna tana kallon bango. Ana nan wata rana da hantsi sai ta riƙa jin wani ƙaras-ƙaras daga ɗakin kwana, kamar ɓera ya samu kwali. Ta leƙa. Malama na kwance ta gefe, ta ɗora faranti a gabanta, takardu masu launi sun baje a kan gado.

"'Yar nan, likita ya ce ki huta, ke kuma kin buɗe shago a kan gado?"

"Hannu ne kawai ke aiki, Inna. In na zauna haka nan tunani zai cinye ni."

"To mene ne wannan ɗin?"

Malama ta ninke takardar da ke hannunta, ta sake ninkewa, ta ja gefe biyu, sai ga tsuntsu da fikafikansa. Ta miƙa mata. Inna ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Ikon Allah." Amma a ranta cewa ta yi, babbar mace da wasan yara.

Abin da ya hana ta komawa falo almakashin ne. Wani ɗan ƙarami ne mai mariƙin roba, irin na ajin yara, bakinsa ya mutu. Malama na fama da shi, takarda na lanƙwashewa tana fita a karkace. Inna, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yankan yadi, ta kasa jurewa.

"Wannan ai ba yanka ba ne, tauna ce. Ajiye shi."

Ta je ta zaro nata daga cikin tsumman da take naɗe shi. Ta zauna a bakin gado, ta gyara tabarau, ta ɗauki takarda ta zarge ta sau ɗaya, ta fita santal kamar an ja da layi. Malama ta ce, "Kai, Inna!" Yadda ta faɗe shi ya yi wa Inna daɗi.

Da Auta ya dawo da yamma ya tarar da su haka, sai ya tsaya a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa a kafaɗa.

"Inna! Almakashin nan ne da kika kusa cire mini kunne don na yanka takarda da shi?"

"Kai shirme ka yanka. Mu aiki muke yi. Wuce ka wanke hannu."

Daga ranar aiki ya rabu biyu: Inna ta yanka, Malama ta ninke. Takardun makaranta da suka rage suka ƙare, aka shiga tsohuwar kalanda, da takardun naɗe kyauta da Malama ta daɗe tana adanawa a ƙarƙashin katifa, da kwalayen shayi da na sabulu. Gam ya ƙare, Inna ta ce ba sai an saya ba, ta dama sitaci a wuta ya yi kauri, ya kuwa riƙe fiye da na kanti. Malama ta nuna mata yadda ake fure: a yanka ganye-ganye, a naɗa bakin kowanne a jikin fensir har ya lanƙwasa, a manna su a kan ɗan kwali mai da'ira, manya a waje, ƙanana a ciki. Suka yi taurari, suka yi kifaye, suka yi malam-buɗe-littafi da shafukan kalanda masu hoton teku. Suka yi ƙananan akwatuna masu murfi, waɗanda Malama ta ce za a zuba alewa a ciki a ba duk wanda ya zo ganin jariri.

Ranar da Inna ta gwada ninke tsuntsu da kanta, ta daɗe tana kokawa da shi, harshe a waje. Da ta gama ta ɗaga shi sama. Wuya ya karkace, fiffike ɗaya ya fi ɗaya.

"To fa," in ji ta. "Wannan agwagwa ce da mota ta bi ta kanta."

Malama ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki tana cewa, "Inna, ki bari, likita ya hana." Tun da aka yi auren Inna ba ta taɓa jin dariyarta irin wannan ba. Can sai Malama ta yi tsit, ta kama hannun Inna ta ɗora a gefen cikinta. Inna ta so ta janye don kunya, sai ta ji an harbe ta a tafin hannu, an sake harbi.

"Duk lokacin da kika fara yanka sai ya tashi," in ji Malama. "Ya san ƙarar almakashinki."

"To tela za ki haifa ke nan. Allah dai ya raba lafiya."

Kullum da wannan addu'ar take rufe magana. Can ƙasan ranta ba ta son shiri ya riga baƙo isowa, amma ta ga yadda fuskar Malama ta washe, ta ga ta fara cinye abincinta, sai ta haɗiye maganarta.

Akwai wani ƙaramin ɗaki kusa da na kwana, inda Auta ke jibge wayoyi da matattun fankoki. Wata ranar hutu ya kwashe su, ya shafa wa bango fenti ruwan ƙwai, ya hau tsaninsa ya ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa. Inna na ƙasa tana miƙa masa tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa: "Ba nan ba, kai ba ka da ido ne? Ja kusa da ja? Matsa da shi." Furannin aka manna su a bango, taurari aka rataye su daidai inda gadon jariri zai zauna, akwatunan aka jera su a kan kantar bango. Da aka gama suka riƙo Malama a hankali har bakin ƙofa. Auta ya buɗe taga, iska ta shigo, tsuntsayen nan suka fara juyawa gaba ɗaya, inuwarsu na yawo a bango. Malama ta jingina da ƙofa ta daɗe tana kallo. Sannan ta matse hannun Inna.

Wata safiya, Auta ya riga ya fita, Inna ta kawo shayi ta tarar da Malama ta zuba wa silin ido.

"Inna, tun jiya ban ji motsi ba."

Inna ta ajiye shayin, ta ce, "Barci yake. Ya gaji da harbinki." Ta kawo ruwan sanyi, Malama ta sha, suka jira. Shiru. Ta sa ta juya ɗaya gefen. Shiru. Sai Inna ta ɗauko almakashinta, ta kai shi kusa da cikin, ta riƙa buɗewa tana rufewa, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ta ɗauki takarda ta yanka, ta sake yankawa, har takardar ta ƙare a hannunta. Malama ta dafa cikin da hannu biyu, idonta a rufe.

"Kira shi ya dawo gida, Inna."

A asibiti aka kwantar da ita aka shafa mata wani abu a ciki, ma'aikaciyar jinya ta riƙa yawo da na'ura tana kallon allo. Ta yi ta yawo da ita. Daga nan ta fita ta kira wata, ita kuma ta kira likita. Inna na tsaye a bakin labule, ba wanda ya ce mata komai, amma ta ga fuskokinsu ta gane. Jinin Malama ya hau sosai, aka ce sai an yi aiki nan take. Aka tura ta a gado mai taya, ƙofa ta rufe.

Inna da Auta suka zauna a kan benci a baranda. Mutane na wucewa da kwanukan abinci da ledojin magani, wani yana waya yana dariya. Can da rana ta karkata wata ma'aikaciya ta fito da abu a naɗe cikin farin zane.

"Mace ce," in ji ta a hankali. "Sai haƙuri."

Auta ya miƙe, ya kai hannu, sai ya kasa. Ya juya ya kifa goshinsa a bango. Inna ce ta karɓa. Ta koma kan benci ta buɗe zanen, ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe. Kafin Malama ta farfaɗo daga allurar barci, 'yan'uwan Auta sun zo an tafi da jaririyar an binne. Auta ya ce gara haka, kada ta gani abin ya zauna mata a ido. Kowa ya ce gaskiya ne.

Kwana ɗaya kafin a sallamo ta, Auta ya dawo gida ɗaukar mata kaya. Ya bi ta gaban ƙaramin ɗakin ya kawar da kai kamar wanda ya ga wuta.

"Inna, don Allah ki cire su. Duka. Kada ta dawo ta tarar da ko ɗaya."

Inna ba ta yi musu ba. Ita ma, kafin ta haifi Auta, ta taɓa rasa wani ɗa kwana kaɗan da haihuwa. Da ta fito daga ɗakin da aka kwantar da ita, ta tarar manyan mata sun kwashe komai, rigunan da ta ɗinka da ɗan bargon, ba wanda ya sake ambatarsa. Aka ce ta yi haƙuri, ta yi. A saninta haka ake tausaya wa mutum.

Ta jawo kujera ta hau da ciwon gwiwarta. Ta datse zaren farko, tsuntsayen suka zubo ƙasa ba ko ƙara. Ta datse na biyu. Furannin bango sitacin ya riƙe su da kyau, sai da ta sa farce, wasu suka taho da fenti. Ta samu babban buhu ta fara sa su a hankali, ɗaya kan ɗaya, kamar ƙwai. Buhun ya cika tun ba a kai rabi ba. Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta sa tafin hannu ta danna. Ƙarar da suka yi ta shiga mata har cikin haƙora. Ta ƙara zubawa ta ƙara dannawa, hawaye na ɗiga a kan tabarau har ta daina gani. Auta ya ɗaure bakin buhun ya sauka da shi inda ake tara shara a ƙofar gida.

Washegari aka dawo da Malama. Ta hau benen da ƙyar, taki ɗaya ta huta, tana riƙe da ƙasan cikinta. Inna ta gyara mata gado ta kaɗe matashi. Amma da ta shigo ba ɗakin kwana ta nufa ba. Ta dafa bango ta wuce kai tsaye zuwa ƙaramin ɗakin ta tura ƙofa.

Ba komai sai bango mai tabo-tabo, da ƙusoshi, da guntun zare yana lilo a kusurwa.

"Ina suke?"

"Na sa an kwashe," in ji Auta. "Don kada ki gani ranki ya ɓaci."

"An kwashe an kai ina?"

Ta juyo ta dubi Inna.

"Har da ke, Inna?"

Malama ta ja ƙofar a hankali ta rufe, ta tafi ta kwanta ta juya wa duniya baya.

Gidan ya koma kamar ba kowa. Masu zuwa jaje su zo su zauna a falo, su ce Allah ya ba da mai tsayawa, su tafi. Malama ta amsa da kai. Nono ya kawo, ƙirjinta ya kumbura yana zafi, rigarta na jiƙewa. Inna ce ke ɗaure mata da zane, ta gasa mata jiki, ta riƙe ta zuwa banɗaki. Malama ba ta hana ta ba, ba ta kuma ce mata komai ba sai "na gode", irin wadda ake ce wa baƙo. Wannan godiyar ta fi zagi yi wa Inna ciwo.

Wata rana Inna na canza mata zanen gado, sai Malama ta yi magana, fuskarta na kallon taga.

"Ba ta sa riga ba. Ba a ɗauki hotonta ba. Ko suna ba a sa mata ba. Na farko da na biyu ban da abin da zan nuna in ce sun taɓa zuwa. Ita wannan abin da ta mallaka a duniya ke nan, su ma an zubar a shara."

Inna ta tsaya da zane a hannu. Ta ninke shi ta ajiye, ta ɗauki mayafinta ta sauka.

Ta tambayi mai shagon ƙofar gida inda mai kwasar shara yake bi. Ya nuna mata. Ta bi layi-layi, ta wuce wurin masu wankin mota, ta wuce gidan burodi, gwiwa na mata zugi, har ta hango shi yana tura kurarsa a bakin kwata. Dattijo ne mai hula a yamutse.

"Bawan Allah, kwanakin baya ka ɗauki wani buhu a ƙofar benen can. Marar nauyi. Takardu ne a ciki."

Ya yi ɗan tunani. "Masu kala-kala? Na tuna, Mama. Bakin ya kwance a hanya, har na ce wa ya zubar da abu mai kyau haka. Ai na kai juji tun ranar."

"Ina jujin yake?"

"Da nisa fa. Kuma an yi ruwa sau biyu tun lokacin."

"Nuna mini dai."

Ya dube ta, ya ga ba mai komawa ba ce. Ya jingine kurarsa wurin wani mai facin taya, ya tare mata abin hawa, ya raka ta har bayan gari. Jujin fili ne guda, hayaƙi na tashi ta ko'ina, awaki da ƙudaje sun cika shi. Ya kai ta gefen da yake zubarwa, ya sa sandarsa yana tonawa. Inna ta toshe hanci da mayafi tana bin bayansa. Can ya ɗago wani yagaggen buhu. Abin da ke ciki ya narke ya zama dunƙule ɗaya, ja da shuɗi da rawaya sun gauraye da laka. Inna ta durƙusa ta sa hannu. Ta ciro wani abu mai kama da fiffike, ya rabu biyu a yatsunta.

"Sai haƙuri, Mama," in ji mutumin. "Da na sani da na ajiye."

"Ba laifinka ba ne. Ni na zuba su da hannuna."

A hanyar dawowa ta tsaya a kantin littattafai ta sayi takardu masu launi. Ba ta gaya wa kowa ba. Duk lokacin da Malama ta samu barcin rana, sai ta zauna a kicin ta tura ƙofa, ta yi ta yanka tana ninkewa. Hannunta ya riga ya koyi aikin, tsuntsayen suna fita daidai. Ta dama sitaci ta yi furanni, ta yi taurari. Da suka taru ta shiga ƙaramin ɗakin ta hau kujera ta ja zare a kan tsofaffin ƙusoshin, ta manna furanni a kan tabon da waɗancan suka bari. Ta buɗe taga. Suka juya kamar na da.

Ta je ta tsaya a bakin gado. "'Yar nan, taso ki ga wani abu."

Malama ta taso ba musu. Ta tsaya a bakin ƙofar ƙaramin ɗakin, ta ɗaga kai. Inna na gefe tana kallon fuskarta. Malama ta shiga, ta kai hannu ta taɓa wani koren tsuntsu, ta juya shi.

"Sun yi kyau, Inna. Kin iya fiye da ni yanzu."

"Na je har jujin. Ruwa ya riga ni."

"Na sani. Na ga takalminki ranar." Ta saki tsuntsun. "Amma ba su ba ne. Waɗancan tana motsi muka yi su."

Inna ta ja da baya. Ta zauna a kan kujerar da ta taka, ta rufe fuska da mayafi. Ita da ta zo rarrashi, ita ce ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba a asibiti, ba ta kuma yi ba shekarun baya da aka kwashe kayan nata ɗan. Malama ta zame a hankali ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Ba wadda ta ce wa wata ta yi shiru.

Da kukan ya lafa, Malama ta ce, "Inna, an ce ke kika karɓe ta."

"Ni ce."

"Kin buɗe kin gan ta?"

"Na gan ta."

"Na tambaye shi, ya ce bai iya kallo ba. Na tambayi ma'aikatan, suka ce in bar tunawa. Kowa sai ya ce in yi haƙuri. Ni ba haƙurin ne ban yi ba. So nake in san wa na haifa."

Inna ta share fuska. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Doguwa ce," in ji ta. "Da an barta da ta fi ki tsawo. Gashi cike da kai, baƙi wuluk, a kwance luf kamar an shafa mai. Goshin naki ne. Hancin ma naki ne, Allah ya taimake ta ba ta ɗauko namu ba."

Wani sauti ya fita daga bakin Malama, tsakanin dariya da kuka.

"Kunnuwan fa na ubanta ne, ƙanana, na hagu ya ɗan lanƙwasa daga sama. Haka na haife shi. Yatsunta dogaye, har da farce, sirara kamar ɓawon albasa. Ta dunƙule hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa. Na buɗe shi na sa yatsana a ciki."

"Fuskarta fa? Ta sha wahala?"

"Ko kaɗan. Kamar mai barci. Bakin a ɗan buɗe. Akwai wani ɗan tabo baƙi a nan," ta nuna bayan wuyanta, "kamar ƙwayar gero."

Malama ta kai hannu bayan nata wuyan. "Mahaifiyata na da shi."

"To kin ji. Ta ɗauko kowa."

"Da nauyi?"

"Da nauyinta. Sai da hannuna ya gaji. Ban ba kowa ita ba sai da aka zo tafiya da ita, kuma ban bari ta taɓa benci ba. A jikina take."

Malama ta sunkuyar da kai a kan gwiwoyinta, kafaɗunta na rawa. Can ta ɗago.

"Sake faɗa mini. Daga gashin."

Inna ta sake faɗa. Ta tuna wasu abubuwan da ba ta faɗa da farko ba, girar da ba ta gama fitowa ba, da tafin ƙafa mai layi-layi. Suna nan zaune har rana ta sauka daga bango, suka ji takun Auta a kan bene. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi silin, ya dube su. Ya juya zai tafi.

"Zo ka zauna," in ji Malama. "Inna na ba ni labarin 'yarka."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sauke jakarsa ya zauna a dokin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

Bayan 'yan kwanaki yayar Malama ta zo ta tafi da ita gidanta don ta ƙara samun ƙarfi. Likita ya riga ya gaya musu cewa wani cikin zai zama haɗari gare ta, ba su kuma tayar da maganar a gaban kowa ba. Inna ta haɗa jakarta ita ma, tunda abin da ya kawo ta ya ƙare. A ƙofar gida, mota na jira, Malama ta riƙe hannunta.

"In na dawo za ki zo?"

"In gwiwa ta bar ni hawa benen nan."

"In ta hana, ni zan zo."

Motar ta tashi. Auta ya ɗauki jakar Inna ya sa a kafaɗa, suka kama hanyar tasha a ƙasa, yana rage sauri saboda ita. Sai da suka kusa kwanar gidan burodi ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Inna, da gaske kunnena ne?"

"Naka ne," in ji ta. "Har lanƙwasar."